Ƙauyen da aka tasa saboda madatsar da ba a gina ba

Wurin da mutanensa kafin 1951

Ƙauyen, mai suna Jánovas, yana lardin Huesca ne, a yankin Aragon na arewacin Sifaniya, a gindin tsaunukan Pirenis da suka raba ƙasar da Faransa. Yana zaune a gaɓar kogin Ara, wanda ke gangarowa daga ƙanƙarar kan tsauni kusa da iyaka, ya bi ta Torla da Broto da Fiscal da Boltaña, ya je ya faɗa kogin Cinca a garin Aínsa bayan tafiyar kilomita kusan 70. A daidai ƙauyen kwarin yana buɗewa ya yi faɗi, ga fadama ga ƙasar noma. Ɗan gaba kaɗan sai duwatsu su matse kogin ta hagu da dama, ya bi ta wani siririn maƙogwaro. Faɗin kwarin ne ya ciyar da manoman wurin shekara da shekaru, matsin kuma shi ya ja idon injiniyoyi, domin duk wanda ya toshe maƙogwaron nan da kankare ya mayar da kwarin gaba ɗaya tafki.

Gidaje arba'in da 'yan kai ne a ƙauyen, duk ginin dutse. Mutanen suna noman alkama da dankalin turawa, suna da lambuna da itatuwan marmari da suke ba wa ruwa ta magudanan da suka jawo daga kogi, suna kiwon tumaki da shanu. Akwai makaranta, akwai coci, akwai injin niƙa, akwai gada mai lilo da aka rataya a kan kogin tun 1881. Bisa ma'aunin wannan yanki ba ƙaramin wuri ba ne. A saman duwatsun da ke ƙetaren kogi akwai wani kwari da ake kira La Solana, mai ƙananan ƙauyuka fiye da goma, kuma mutanensa nan gaɓar kogi suke saukowa su yi niƙa, su yi cefane, su kama hanyar mota.

Akwai abubuwa biyu a tsarin zaman mutanen da za su sake tasowa a ƙarshen wannan labari. Na farko shi ne gida. A tsaunukan Aragon kowane gida yana da sunansa na kansa, kuma sunan ba ya sauyawa ko da sunan mazaunansa ya sauya ta hanyar aure. Ba a raba gado a yayyanka gona: mutum ɗaya ake zaɓa cikin 'ya'ya ya gaji gida da gona da dabbobi dungurungum, sauran su zauna a ƙarƙashinsa ko su fita neman na kansu. In ana tambayar mutum asalinsa, ɗan wane gida ake tambaya. Na biyu shi ne aikin gayya, wanda su suke kira vecinal: gyaran hanya, yasar magudanar ruwa, gyaran rufin makaranta, kowane gida ya turo mutum. Shekarar gari kuma tana kewaye da bikin majiɓincin cocinsu, San Miguel, wato Mala'ika Mika'ilu, wanda ranarsa ke faɗowa 29 ga Satumba.

1951 zuwa 1960: takarda ta iso

Tunanin tare ruwan Ara don samar da lantarki ya girmi mulkin Janar Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya, domin tun 1917 aka fara bayar da lasisi a kan kogin. Amma a zamanin Franco ne, daga 1939 zuwa 1975, gina madatsu ya zama kamar addinin gwamnati. Ya yi ta yawon buɗe su har mutane suka laƙaba masa sunan kwaɗo, a ɓoye mana. Yau Sifaniya tana da manyan madatsun ruwa sama da 1,200, babu ƙasar da ta kai ta a Tarayyar Turai, kuma kaso mai tsoka na wancan zamanin ne.

Lasisin wannan yanki na Ara ya koma hannun Iberduero, kamfanin lantarki mai hedikwata a Bilbao da aka kafa a 1944. A 1951 gwamnati ta amince da tsarin aikin, ta ayyana shi a matsayin aikin amfanin jama'a. Wannan ayyanawa ita ce mabuɗin komai, domin da ita kamfani mai zaman kansa yake samun ikon a karɓe masa gida da gonar mutum da ƙarfin doka. Ƙauyuka uku ne ruwan zai shanye, Jánovas da maƙwabtansa biyu, iyalai kusan 150.

A Disamba 1954 aka kafa sabuwar dokar karɓe dukiya don amfanin jama'a. Ta tsara yadda za a ƙimanta diyya, kuma a cikinta akwai wani sashe da ba shi da amfani ga kowa a ƙauyen a lokacin: in aikin da aka karɓi dukiya dominsa bai tabbata ba, tsohon mai ita ko magadansa suna da haƙƙin neman a mayar musu.

Kusan shekara goma ba a ga komai a ƙasa ba. Sai dai zaman jiran ma ɓarna ne. Wa zai sake rufin ɗaki ko ya dasa itacen da sai bayan shekara bakwai zai ci 'ya'yansa, alhali an ce ruwa na zuwa? Kuma daga 1959, da gwamnati ta buɗe tattalin arzikin ƙasar, masana'antun Barcelona da Zaragoza suka fara jan matasan karkara daga ko'ina cikin Sifaniya, har daga ƙauyukan da ba wanda ya yi musu barazanar madatsa. Saboda haka ranar da wakilan kamfani suka iso da takardun saye, sun tarar da gidajen da dama can zuciyarsu ta karkata ga tafiya.

1960 zuwa 1966: tashi

An fara karɓar gidaje da gonaki a farkon shekarun 1960. Gida-gida aka bi, kowa da nasa ciniki, kuma hakan ya raba kan gari tun kafin a rushe bango ɗaya. Wanda ya sayar da wuri ya tafi Barcelona ko Zaragoza ko Barbastro ko Monzón. Wanda ya tsaya ya ga maƙwabta suna raguwa, masu zuwa gayya suna raguwa, mai shago ya rasa masu saye.

A lokaci guda hukumar gandun daji ta ƙasa ta shiga sayen ƙauyukan La Solana, ta kwashe mutanen, ta dasa itatuwan katako irin na ƙasashen sanyi a gonakinsu. Dalilin shi ne a riƙe ƙasar gangaren tsauni kada ruwan sama ya kwaso laka ya cike tafkin da za a yi. Ƙauyukan nan ruwa ba zai taɓa kai musu ba, suna can sama. An tashe su ne don kare tafkin da ba a haƙa ba tukuna, kuma da tashinsu ƙauyukan gaɓar kogi suka rasa abokan cinikinsu.

Matakin farko da mutanen ƙauyen suka ɗauka shi ne mafi sauƙi: wasu gidaje suka ƙi tashi. Hujjarsu ita ce ba a ko fara ginin madatsar ba, to me zai hana su ci gaba da noma har ranar da ruwa ya taso? Kamfani ya mayar da martani da nakiya. Duk gidan da masu shi suka fita, sai a dasa masa nakiya a tarwatsa, alhali akwai mutane da yara a gidajen da ke jikinsa. Manufar a fili take, kada wanda ya tafi ya yi tunanin dawowa, kada wanda ya rage ya ji daɗin zama.

Mataki na biyu shi ne jingina da hukuma. Ofishin duba makarantu na lardin Huesca ya ƙi yarda a rufe makarantar ƙauyen muddin akwai yaran da ke zuwa, kuma iyayen suka riƙe wannan da hannu biyu, domin garin da ke da makaranta bai mutu ba a idon gwamnati. Ranar 4 ga Fabrairu 1966 wani ma'aikacin kamfanin ya ɓalle ƙofar ajin. Yadda waɗanda suke ɗalibai a ranar suka sha bayar da labari, ya jawo malamar da gashin kanta ya fitar da ita, ya kori yaran da shuri. Makarantar ba ta sake buɗewa ba.

Abin da ya biyo baya an yi shi da sauri: aka lalata gonaki, aka sare itatuwan marmari da na zaitun, aka farfasa magudanan ban-ruwa, daga ƙarshe aka yanke ruwan sha da wuta. A ƙarƙashin mulkin da babu jam'iyyun adawa, babu jarida mai 'yanci, kuma magajin gari gwamnati ce ke naɗa shi, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

1966 zuwa 1984: gida ɗaya

A hankali aka watse har ya rage iyali guda, mata da miji da 'ya'yansu, a tsakiyar kangaye. Sun yi shekara kusan ashirin a haka. A tsawon wannan lokaci an gama madatsun da ke kusa a kan Cinca. A 1969 ruwan madatsar Mediano ya shanye ƙauyen da ke da wannan suna, har yau kan hasumiyar cocinsa yana leƙowa daga cikin tafkin. A kan Ara kuwa shiru. A takarda an yi ta sauya girman tafkin, a ƙara a rage, ana lissafin ko lantarkin da za a samu zai biya kuɗin ginin, a ƙasa kuma sarƙaƙiya tana cinye tituna.

Matsayin ƙauyen a tsarin mulki ma ya tafi. A da yana cikin ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa haɗe da na wani maƙwabcinsa. A shekarun 1970 aka narkar da ita cikin ƙaramar hukumar Fiscal. Ƙofar cocin ta dutse, mai tsohon sassaƙa irin na ƙarnonin tsakiya, an ciro ta an kai Fiscal. Haka aka yi daga baya da mabugar ulu ta ƙauyen da ke maƙwabtaka, wani injin katako da ruwa ke juyawa yana bugun saƙaƙƙen ulu har ya yi kauri.

Franco ya mutu a Nuwamba 1975. Aka yi sabon kundin tsarin mulki a 1978, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 1979, yankin Aragon ya sami majalisarsa da gwamnatinsa bisa dokar 1982. Duk wannan bai taɓa lasisin kamfanin ba. A Janairu 1984, shekara takwas da 'yan watanni bayan mutuwar Franco, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati, iyalin ƙarshe suka fita.

1984 zuwa 1999: gari babu mazauna

A nan ne wani abu ya faru da ba ya cikin tsarin kowa. Waɗanda aka tasa da 'ya'yansu suka mayar da ƙarshen Satumba lokacin haɗuwa a kufan. Suna zuwa daga birane da abincinsu, su share ɗan fili a cikin ciyawa, su yi bikin San Miguel a gaban cocin da ba shi da ƙofarsa. Tsofaffi suna riƙe hannun jikoki suna nuna musu: nan ne gidan wane, wannan bangon namu ne, daga nan zuwa can gonar gidan wane. Yaron da aka haifa a Barcelona ya tashi ya san sunan gidansu da iyakarsa. Daga wannan haɗuwa ne ƙungiyar waɗanda abin ya shafa ta sami mutane da jerin sunaye, kuma ita ce ta shiga rubuta koke da neman a soke lasisin, bisa hujjar cewa wa'adin aikin ya daɗe da wucewa. Shekaru aka yi ana wannan, takarda na shiga ofis tana fitowa, ba a soke komai ba.

A ɓangaren gwamnati ma aikin sabon rai ya samu. A Yuni 1992 majalisar Aragon ta amince da wata yarjejeniyar ruwa da ta jera madatsun da yankin ke so a gina, kuma wannan tana ciki. Yanzu hujjar ta haɗa da noman rani a filayen da ke can ƙasa, inda manoma ke da yawan ƙuri'a fiye da mutanen tsauni nesa ba kusa ba. Gundumar Sobrarbe, inda ƙauyen yake, faɗinta ya kai murabba'in kilomita kusan 2,200, amma mutanenta a lokacin ba su kai 8,000 ba. A daidai wannan lokaci Iberduero ya haɗe da wani kamfani suka zama Iberdrola, lasisin Ara kuma ya koma hannun wani kamfanin Zaragoza da ke ƙarƙashin babban kamfanin lantarki Endesa.

Ginin da aka taɓa yi a kan kogin bai wuce na share fage ba: hanyar karkatar da ruwa, da wani shingen ƙasa na wucin gadi da zai kautar da kogin daga inda za a zuba harsashi. A Disamba 1997 aka yi ruwa mai yawa, kogin ya cika ya fasa shingen, ambaliya ta gangara wajen Boltaña. Mutanen garuruwan da ke ƙasa, waɗanda a da suke kallon lamarin a matsayin matsalar wasu, suka ga abin da zai iya sauko musu.

Haka kuma fagen ya cika da sababbin 'yan wasa. A 1995 aka kafa COAGRET, gamayyar al'ummomin da manyan madatsu da ayyukan karkatar da koguna suka shafa. Malaman jami'a da masu fafutukar muhalli suka shigo da wata hujja da ba a taɓa ɗagawa ba a 1960: Ara shi ne babban kogi na ƙarshe a tsaunukan Pirenis na Sifaniya da babu madatsa a kansa daga tushe har baki, kuma ruwan gandun Ordesa, wanda ke ƙarƙashin kariyar ƙasa tun 1918, a cikinsa yake zuba. Masu otal da masu kai baƙi yawon tsauni suka fara ganin kogin da ke gudu a matsayin jarinsu.

2000 zuwa 2008: sa hannun da ya tsayar da aikin

Sifaniya ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Turai a 1986, kuma a wannan shekarar ta shigar da ƙa'idar Turai cikin dokokinta, wadda ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a gina shi. Tsarin 1951 bai san da wannan ba. Sabon fasalin madatsar kuwa dole ya bi ta wannan ƙofa.

A Maris 2000 babban sakataren muhalli a ma'aikatar muhalli ta ƙasa, Juan Luis Muriel, ya sa hannu a kan sakamakon binciken: aikin bai dace da muhalli ba. Bai daɗe a kujerar ba bayan haka. Takardar ta kwanta a ma'aikata kusan shekara guda, sai a Fabrairu 2001 ta fito a gazet ɗin gwamnati, kuma sai da ta fito ta zama abin da za a iya kafa hujja da shi. A wajajen wannan lokaci wasu masu shirya fim da ke neman wurin da zai yi kama da garin da yaƙi ya ci a Kosovo suka zo suka ɗauki fim ɗinsu a kangayen ƙauyen. Ba su sha wahalar shirya fage ba.

Ko bayan gazet, sai da aka ƙara shekara huɗu. A 2004 gwamnati ta sauya a Madrid, sabuwar ta soke shirin kwasar ruwan kogin Ebro zuwa kudu, kuma a Yuni 2005 dokar da ta gyara tsarin ruwa na ƙasa ta faɗa ƙarara cewa an yi watsi da gina wannan madatsa. Dokar ta kuma umarci gwamnatin tsakiya da ta yanki da ƙaramar hukuma su haɗu su tsara shirin raya wurin. A 2008 ma'aikatar muhalli ta soke lasisin, kuma a ƙarshen shekarar hukumar kula da kwarin Ebro, wadda kogin Ara ke ƙarƙashinta, take kuma Zaragoza tun 1926, ta buɗe hanyar mayar da dukiya ga tsofaffin masu ita. Shekara 57 ke nan daga amincewar 1951. Sashen nan na dokar 1954 ya sami ranarsa.

Daga 2008: sayen gidanka da kuɗinka

Mayarwa a dokar Sifaniya ba kyauta ba ce. Wanda ke son gidansu sai ya dawo da diyyar da aka biya iyayensa, kuma bisa gyaran da aka yi wa dokar a 1999, sai an ɗora mata hauhawar farashin duk shekarun da suka wuce. Da Endesa ya yi wannan lissafi, kuɗin ya haura ninki 30 na abin da aka biya a shekarun 1960. An karɓi gida da rufinsa da gona da amfaninta, ana shirin mayar da tarin duwatsu da daji a farashin gida da gona.

Ƙungiyar ta tsaya a kan wani sashe na dokar nan dai, wanda ya ce in dukiyar ta lalace a hannun wanda ya karɓa, sai a sake ƙimanta ta yadda take yanzu. A wannan karon ba a bi gida-gida ba, da murya ɗaya aka yi ciniki, kuma bayan shekaru ana ja-in-ja kamfanin ya sauko ƙasa sosai daga inda ya fara. Ko da haka kowace takarda sai da ta ci lokaci. Gidan da mutum ɗaya ya sayar a 1962 yanzu magada ne da shi a garuruwa daban-daban, sai an nemo su, sai sun daidaita a tsakaninsu, sai an gano iyakar gonar da daji ya rufe. A nan sanin sunayen gidaje da iyakokinsu ya biya. Da yawa daga waɗanda aka tasa da girmansu sun rasu kafin takardarsu ta fito, har da magidancin da ya fita a 1984.

Shirin raya wurin da dokar 2005 ta yi alkawari ya faɗa cikin durƙushewar tattalin arzikin da ta fara a 2008. Manyan kuɗin da ake jira daga Madrid ba su zo ba.

Sai mutanen suka daina jira. Suka kafa gidauniya da sunan San Miguel, suka koma ga vecinal: ƙarshen mako a zo daga birni da adda da baro, a sare sarƙaƙiya, a tono titi daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Ginin da suka fara tayarwa shi ne makarantar nan ta 1966, suka mayar da ita gidan taron gari. Daga baya gwamnatin Aragon ta riƙa sakin tallafi kashi-kashi, da shi aka jawo wuta da ruwan famfo da magudanar ƙazanta, aka fara shimfiɗa tituna. Gidajen kuwa kowane iyali da aljihunsa yake ginawa. Wasu sun kammala, hayaƙi na fita daga rufinsu, wasu suna rabi, da dama suna nan yadda nakiya ta bar su. Gadar 1881 ta shiga jerin kayan tarihin da gwamnatin yanki ke karewa.

Hukunci

Ƙin tashi bai ceci ƙauyen ba, kuma babu yadda za a yi ya cece shi. An yi shi ne gida-gida, a gaban kamfanin da doka ke bayansa, a ƙasar da ba wanda zai buga labarin. Jingina da ofishin makarantu ma haka: ofishin ya yi gaskiya, amma ƙaramin ofis ne, kuma mutum ɗaya da ƙafarsa ya soke hukuncinsa ba tare da an mayar da yaran aji ba. Duk da haka ba zan kira shekara ashirin ɗin iyalin ƙarshe asara ba. Su ne suka sa kwanan watan mutuwar garin ya zama 1984, cikin mulkin dimokuraɗiyya, ta yadda babu gwamnatin da za ta ce wannan laifin Franco ne kaɗai.

Zuwan zaɓe shi kaɗai bai sauya komai ba, har ma majalisar da aka zaɓa ce ta sake rattaba hannu a kan aikin a 1992. Lissafin ƙuri'a bai taɓa kasancewa a gefen mutanen tsauni ba. Koke a kan cewa wa'adin lasisi ya wuce yana da tushe, amma an kai shi ne ga hukumomin da su kansu suke son madatsar.

Abin da ya tsayar da aikin ya zo daga waje: ƙa'idar Turai, hujjar kogi, da jami'i ɗaya da ya sa hannu a kan abin da binciken ya nuna. Akwai ɗaci a nan. Nakiya da jan gashin malama ba su motsa doka ba, kogin ne ya motsa ta. Ina kuma zargin cewa da ribar aikin a fili take, da kamfanin bai yi shekara 50 yana jan ƙafa ba, kuma da bincike na 2000 ya tarar da tafki a wurin.

Sai dai tsayar da madatsa daban, dawo da gari daban. Ƙauyukan La Solana su ma madatsar ta ƙyale su, amma yawancinsu suna nan kufai a cikin daji, domin saye aka yi daga hannunsu aka mayar da ƙasar gandun gwamnati, mutanensu kuma suka bazu. Jánovas ya dawo ne saboda abubuwa biyu sun haɗu: sashen mayarwa a dokar 1954, da jama'ar da ta ci gaba da zama jama'a alhali ba ta da gari, tana taruwa duk Satumba, tana riƙe da sunayen gidajenta. Da babu na biyun, da ranar da aka buɗe ƙofar mayarwa a 2008 kamfanin ya sake samun mutane ɗai-ɗai ya yi ciniki da su, yadda ya yi da iyayensu.

Abin da aka samu bai kai abin da aka rasa ba. Waɗanda suka gina gidaje yawancinsu aikinsu da makarantar 'ya'yansu suna birni, ƙarshen mako da hutun bazara ne ke cika garin. Kuɗin gyaran ɓarnar ya faɗo mafi yawa a kan jikokin waɗanda aka yi wa ita. Babbar hanyar mota, N-260, tana ɗaya gefen kogin, gadar 1881 kuma ta masu tafiya a ƙasa ce. Shekaru da dama masu kai siminti da katako ta wani mashigin wucin gadi a cikin kogin suka riƙa ƙetarawa da mota, kuma duk lokacin da Ara ya cika sai ya shanye shi, a tsaya jiran ruwa ya janye.